Malam Nasrullahi da Takarin Turawa

Da an sallame sallar Asuba za ka ga Malam Nasrullahi Mailafiya a layin mai burodin tamis a unguwar Rusaifa, taswirar Turai naɗe a hammatarsa kamar tabarma. Daga nan sai ƙaramar makarantar da iyaye suka haɗa wa 'ya'yanmu, inda ya tsufa yana koyar da tarihin Turai na da can, wato shekara dubun nan da ke tsakanin faɗuwar Rum da cin birnin Ƙusɗanɗiniyya, Istanbul ta yau. A Makka fa, ga yaran da ba su san wata ƙanƙara ba sai ta firij. Bana zai ajiye alli, shi ya sa na ce ba zan yi shiru ba.

Malam bai yarda yaro ya haddace abin da bai gani ba. In zai yi bayanin iyayen ƙasa da talakawan da ke yi musu noma, sai ya ce a ɗauka mai bene ne da 'yan haya, bambancin kawai can babu damar tashi. Ya sa an gina ganuwa da kwalayen ruwa, rabin aji suka yi wa rabi ƙawanya har aka kira Azahar. Makon da ya koyar da maharan arewa masu jiragen ruwa kuwa, 'yata Mujahida da ƙawayenta suka kai hari kicin ɗin maƙwabta, suka yi ganimar tiren kek ɗin basbusa. Ni na je ba da haƙuri.

To, iyaye suka gaji. Aka ce tarihin Nasara a garin nan ba shi da wani amfani, a soke darasin, Malam ya nemi wani abin yi. Aka bar hukunci a hannun Hajiya Ɗaso, dattijuwar da ba a ƙetare maganarta a unguwa. Ta dogaro sandarta har aji don ta ji da kunnenta kafin ta rufe, ni da wasu iyaye muna biye. Malam ya ba ta kujerarsa, gumi na bin wuyansa.

Ranar kuwa darasin masu ziyarar ibada ne. Ya ce Turawan wancan zamani su ma sukan ɗauki sanda da jaka su nufi Ƙudus ko Rum a ƙasa. Guzuri ya ƙare su tsaya ƙwadago, 'yan fashi su tare su, masu masauki su cuce su. Wasu in sun isa ba sa komawa, sai su yi aure su kama sana'a.

Hajiya ta buga sanda a ƙasa. “Ya ustaz, tsaya. Ashe su ma takari ne irinmu?”

Malam ya ce, “Kusan haka, Inna.”

Shi ke nan darasi ya fita daga hannunsa. Ta tambaya ko an bar su sun haye ruwa da yaransu, don ita a bayan uwarta ta ratsa Cadi da Sudan, kuma a bakin teku aka binne ƙaninta. Ta tsine wa masu masaukin nan kamar jiya suka cuce ta. Jikarta Hadil, wadda ba ta amsa Hausa sai da Larabci, ta daure ta ce da Hausa, “Sitti, da ƙafa kika zo?” Ba ta taɓa tambaya ba sai ranar. Na ji tausayi ya kama ni, na sunkuyar da kai.

A waje Hajiya ta dube mu ta ce, “Halas, magana ta ƙare, a bar yaron nan ya yi aikinsa.” Yaron nan yana da furfura har a gira. Tun daga ranar take zuwa aji, tana goyon bayan duk sarkin da aka ci da yaƙi.

Malam Nasrullahi, kai ne ka bi da 'ya'yanmu ta Faransa da Andalus ka dawo da su gaban kakanninsu. Gwanin alli, ba ka taɓa sa ƙafa a Turai ba, amma ka sa tsohuwar unguwarmu ta yi wa mutanen can kuka. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Malaman da ke tasowa, ku yi koyi da shi, ku koyar da yaro ta ƙofar da ya sani.

Sai dai Hajiya ta ba ni saƙo. Ta ce zangon nan ka tsaya ne a tsakiyar babbar annoba, gawa ko'ina, kuma babu inda za ka sai ka fitar mata da bayin Allah nan daga ciki.