Lambun Dablin da Agogon Mutanen Jidda

Tashi daga unguwar Madain Fahd, Jidda

Kafin kiran asuba Idi direba, maƙwabcinmu ɗan Maraɗi, ya tsaya a ƙofar gida. "Yalla, Baba Alhaji, jirgi ba ya jiran shayi!" Muka shiga, ni da matata Hajiya Saudatu.

Na tsufa ina nema wa alhazai masauki a Jidda, ina zagayawa da iyalan mutane kasuwa da bakin teku, tawa kuwa tana gida. Da 'yarmu Nafisa, mai aikin jinya a ƙasar Ayalan, ta gayyace mu, abu ɗaya Hajiya ta roƙa: a kai ta babban lambun furannin da take gani a hotunan yarinyar.

A filin jirgi aka duba iƙama, wato takardar izinin zama, da biza. Muka sauya jirgi a Istanbul, muka sauka Dablin cikin yayyafi.

Dablin

Ɗakin Nafisa ba ya ɗaukar mutum uku, sai ta nuna mini otal biyu a waya, ɗaya a bakin kogi tsakiyar gari, ɗaya can gefe kusa da masallaci.

"Baba, na bakin kogin ya fi kusa da komai."

"Ni za ki koya wa zaɓen masauki? Na kusa da masallaci, halas, magana ta ƙare."

Ɗaki tsaf, ga ruwan zafi, da safe ƙwai da wake da burodi. Sai dai bas biyu ne tsakaninmu da lambun.

Washegari Nafisa za ta tafi aiki, ta ce mu fita da hantsi. Na ce to, amma a raina na yi dariya. Wane mai hankali ne ke yawo da rana tsaka? Mu a Jidda sai an yi ƙailula, an sallaci la'asar, sannan gari ke buɗewa. Haka muka yi. Muka isa, gari na da haske tarwai, amma ƙofar lambun a garƙame. Mai gadi ya nuna mana agogonsa, ya girgiza kai. Hajiya ta leƙa ta tsakanin ƙarafa, ta daɗe tana kallo, sannan ta juya muka tafi. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Da Nafisa ta ji, ta riƙe baki. "Baba, wace ranar kake gudu? Tun da kuka zo ka gan ta?"

"Ƙyale shi," in ji Hajiya. "Da zafin Jidda ya taho a cikin jakarsa."

Sanyin yammacin nan ya tayar mata da ciwon gwiwa, ta kwanta, har ya rage mana wuni ɗaya tak.

Ranar ƙarshe

Ban nemi bas ba, tasi na sa Nafisa ta kira. Muna tsaye ƙarƙashin lema aka buɗe ƙofa, mu ne farkon shiga. Hajiya ta dafa kafaɗata, muka bi furannin a hankali, tana tambayata sunayensu, ni kuwa ko ɗaya ban sani ba. Da muka kai wani fili kore shar, ta tuɓe takalmanta ta taka jiƙaƙƙiyar ciyawa.

"Hajiya, gwiwar fa?"

"Riƙe mini takalman kawai, Alhaji."

Na riƙe su har azahar.

Komawa Jidda

Muna fitowa daga filin jirgi zafi ya mare mu. Idi na ɗora kaya ya ce, "Hajiya, an ga Turai?"

"An ga lambu," ta ce. "Da ƙyar, amma an gani."

Mun iso gida lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Nafisa, Allah Ya yi miki albarka, Ya ƙara miki haƙurin zama da tsoho mai taurin kai.