Rigar Sallar da Ta Zama Tsumma

Ranar jajiberin Babbar Sallah, ina 'yar shekara tara, Inna ta dawo daga otal ɗin da take shara, ɗauke da wata riga a jakarta. Shuɗiya ce mai manyan furanni, an rubuta "Aloha" a ƙirjinta, wata baƙuwa ce ta ba ta. A lokacin gida uku ne muke cunkushe a fulat ɗaya a unguwar Abu Hail, can ƙasar Larabawa, labule ne katangarmu, matakalar bene ce filin wasanmu, inda muke carafke da murafen kwalba don babu tsakuwa. Na saka rigar na yi ta hawa da sauka har la'asar don kowa ya gani.

Kawu Isuhu, yayan babana wanda bizarmu ke hannunsa, shi ya tare ni. Ko harafi ɗaya na boko bai sani ba, amma da ɗansa ya karanta masa sai ya yanke hukunci: "Sunan gunki ne. Khalas, shi ke nan, cire!" Ya yage ta a gaban matan gidan, ya ce Inna ta daina kwaso wa yara ƙazantar otal. Inna ta sunkuyar da kai. Rigar ta zama tsumma, ni ce kuma mai goge-gogen gidan. Wata huɗu ina durƙusawa kowace safiya ina goge ƙofar ɗakinsa da rigar sallata, ina matse ta ina tsine masa a zuci.

Sai bara, a otal ɗin da nake tarbar baƙi, na tambayi wata dattijuwa 'yar tsibirin Hawai ma'anar "Aloha". Ta ce gaisuwarsu ce, da ita suke maraba, da ita suke bankwana. Tsohuwar kalma ce ta kakanninsu masu ratsa teku a kwalekwale, ma'anarta ƙauna da tausayi. Na shige banɗaki na sha kuka, don Inna ta rasu tana zaton zunubi ta ɗora mini.

Na je kasuwar 'yan Caina na sayo irin rigar guda bakwai, daidai adadin jikokin Kawu. Ranar Sallah suka kewaye shi sanye da su, ni kuma na tsaya ina jiran ya ɗaga murya in juye masa abin da na tara shekara ashirin. Sai tsohon ya shafa furannin ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ashe ko tunawa bai yi ba.

Yanzu fulat ɗina ni kaɗai, babu mai cire mini riga. Har yau ban yafe masa ba, amma da za a ba ni zaɓi, Inna kawai nake so in gaya wa ma'anar.