Mangwarorin Ɗaya ga Oktoba

Jiya, ranar bikin 'yancin kai, na je Yangoji, na tsaya ƙarƙashin mangwarorin kakana.

Maƙwabcinmu ne, wani mutumin Nijar mai sayar da shayi, ya tsokane shi wata shekara. "Baba, mu ranar 'yancinmu itace muke dasawa, tun da hamada ta fara koro mu. Ku fa? Sai fareti!"

Kaka ya yi dariya, ya ɗauko dashen mangwaro, ya tona rami da hannunsa. Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan. Ya ce, "Gaya wa mutanenku mun shigo gasar."

Tun daga nan, kowace ɗaya ga Oktoba sai ya dasa, bai taɓa tsallake shekara ba har ya rasu. Yanzu rassan sun haɗe, ko rana ba ta ratsawa.

Allah Ya sa shi a inuwar da ta fi wannan.