Takalman da Na Yi Wa Tanadi

Yatsun ƙafa uku na bari a kan wani dutse a ƙasar Faransa, biyu na hagu, ɗaya na dama. Ba wurin yaƙi ba. Yawon kallo aka kai mu.

Na daɗe ina sojan Faransa. An harbe ni an kuskure, an sake harbi an sake kuskurewa. Na fito Aljeriya ko ƙwarzane babu. Bayan an sauke tutar Faransa a ƙasarmu, aka tara mu a wani bariki a can Faransa muna jiran jirgin ruwan da zai maido mu gida. Lasidan ɗinmu, wato babbanmu a soja, Bature ne, ɗan ƙasar duwatsu. Ya ce tunda mun samu tamu ƙasar, bai dace mu tafi ba mu ga tasa ba. Ya ɗauki mu biyu da muka fi daɗewa a hannunsa, ni da wani Bagobiri na Sae Sabuwa.

Gidansu yana gindin dutsen. Tsohuwarsa ta dube mu, ta dubi ƙafafunmu, ta shiga ɗaki ta fito da takalma ƙafa bibbiyu. Fata ce mai kauri har ƙwauri, ciki kuwa gashi ne mai laushi kamar na ɗan rago. Lasidan ya ce namu ne, kyauta, mu saka su gobe. Na sansana nawa. Ban taɓa riƙe abu mai kyau haka ba.

A wurinmu, wanda ya samu sabon takalmi ba ya taka daji da shi. Ratayawa yake a sanda, ya taka a ƙasa tun daga garinmu Cadawa, sai ya hango Gazawa ya kakkaɓe ƙafa ya saka. Ƙaya ta soke ka, ka cire, wurin ya warke. Takalmi in ya yage shi ke nan. Haka na ga ubana yana yi. Ni kuma na riga na ga kaina ina sauka daga mota ranar kasuwar Cadawa da su a ƙafa, ko ƙura babu. Da safe na cusa su cikin jakar bayana, na saka tsofaffin takalman tamfol na bariki, na saki wando a kansu.

Bagobiri ya gani.

"Kai Bakatsine, ina naka?"

"Suna nan."

"A jaka? Jakar taka ce ka jin sanyi?"

"Kai dai taka naka. Kafin mu isa gida sun zama na bara."

Ya yi dariya, bai gaya wa lasidan ba. Soja ba ya kai ƙarar soja.

Aka saka mu cikin wani akwatin ƙarfe da ke rataye a waya, ya yi sama da mu. Gidaje suka koma kamar ƙwaryar awo. Ni da na taso inda tudu mafi girma shi ne shurin gara, na riƙe ƙarfe gam.

A sama komai fari ne, har ido ya yi ciwo. Ƙanƙarar laushi gare ta kamar garin gero, ƙafa tana nutsewa har idon sawu. Turawa, har da masu furfura, sun ɗaura dogayen katakai a ƙafa suna sulalowa daga sama. In sun kai ƙasa su sake hawa, su sake sulalowa. Na tambayi lasidan me suke kaiwa ƙasan. Ya ce ba komai. Na ce me suke ɗaukowa a saman. Ya ce ba komai, hutawa suke. Waɗannan ne suka mulke mu tun zamanin kakana.

Mu ba a ba mu katako ba, da ƙafa muka bi shi. Yana son ya nuna mana wani kogi da ya daskare tun kafin a haifi kowa. Muka yi ta hawa. Tamfol ya jiƙe tun takun farko. Ƙafa ta fara zafi kamar na taka garwashi, na daure, don na taka rairayin bazara ba takalmi. Can sai zafin ya tafi. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce wa Bagobiri, "Ka gani? Ta saba."

Muka isa. Kogi ne dai, ga faɗi, yana kwance tsakanin duwatsu biyu, duk ya daddare, cikin ramukan shuɗi kamar ruwan baba. Lasidan ya cire hula, ya ce kakansa ya kawo shi nan yana ƙarami. Ya tambaye mu yaya muka gani. Bagobiri ya ce ruwa mai yawa haka, ba mai shayar da ko akuya. Gaskiya yana da kyau. Na daɗe ina kallo, a tsaye wuri guda.

Da azahar muka shiga wata bukkar katako inda ake sayar da shayi. Na zauna in yi alwala, na cire tamfol. Yatsun sun yi fari fat kamar rogon da aka ɓare. Na matsa ɗaya, ban ji komai ba, kamar yatsan wani.

"Lasidan," in ji Bagobiri, "zo ka ga ƙafar da ta saba."

Ya zo ya duba, ya tambayi ina takalman. Na nuna jaka. Ya fito da su a bushe, sababbi, ya riƙe yana dubana. Mutumin da ya yi shekaru yana zagina da safe da yamma ya rasa zagi.

Su biyu suka sauko da ni. A gidan likita aka jira kwanaki, uku suka yi baƙi, sanyi ya kashe su, aka yanke. Jirgi ya tafi ya bar ni, sai na bayansa na shiga.

Bagobiri ya riga ni isa gida. Abin da kawai ya faɗa wa mutane shi ne an ji mini rauni a kan dutse. Da na sauka a Cadawa ina ɗingishi, har guɗa aka yi mini. Ban gyara musu zancen ba, ba su tambaya ba.

Takalman kuwa na saka su ranar, kamar yadda na shirya. Bazara ce. Daga tasha zuwa bakin kasuwa ƙafafuna suka dahu cikin gashin nan, na cire, na rataya a sanda, na ƙarasa gida a ƙasa.

Ina Cadawa har yanzu, ina noma gyada da gero da yatsu bakwai. Takalman suna rataye a ɗakina, nesa da gara, ina shafa musu man gyada duk shekara. Ko ɗinki ɗaya bai saki ba.