Lalas a Wuyan Raƙumi

Aikin falanto, wato masinja, a kolejin Dakoro wahala ce tsagwaronta. Shara ni, ɗiban ruwa ni, in abu ya ɓaci kuma ni ake kira.

Ba a daɗe da buɗe kolejin ba, tutar ƙasa ma ba ta tsufa ba, aka kawo mana malamin zane, wani saurayi daga Yamai, muna ce masa Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko. Ya ce yaran ba su san juna ba, ƴaƴan manoma gefe, na Fulani gefe, na Buzaye gefe. Sai ya sa kowa ya zana abin gidansu, a kafa a bango, iyaye su zo kallo ran kasuwa. Wata ta zana ƙwaryar uwarta, wani rumbu. Wani yaro Buzu mai shiru-shiru ya zana raƙumin ubansa, har da lalas ɗin da aka yi masa da ƙarfe a wuya: layi biyu da ƙugiya.

Ina gani na gane lalas ɗin. Daminar da ta wuce wasu raƙuma sun shiga gonar yayana a Birnin Lalle, gero ya fara ƙosawa, suka cinye. Bai kama mai su ba, amma ya ga lalas ɗin, ya sha zana mana shi a ƙasa da yatsa.

Na ce wa malamin, "Mushe, wannan kar a kafa shi."

"Don me? Ai shi ya fi kyau. Dubi adon wuyan!"

"Ba ado ba ne. Shaidar gidansu ce."

Ya yi dariya. "To ai abin da nake so su koya ke nan, baba. Kafa."

Na kafa. Ana gobe kallo, da la'asar, sai ga yayana ya kawo mini wake, ya same ni cikin aji da guduma a hannu. Ya bi bango yana tsiya: "Wannan rumbu ne ko tulu? Karatun ke nan?" Da ya iso kan raƙumin ya tsaya, ya ƙura wa lalas ɗin ido.

"Ɗan wa ya yi wannan?"

"Yaya, ka san karatuna bai kai in karanta sunan ba."

"Kai da ke wuni da su? Dube ni."

Ban dube shi ba.

Ya ce, "To. Gobe ina zuwa da samarina, mu tsaya gindin takardar nan. Duk wanda ya zo ya ce aikin ɗansa ne, mun gan shi."

Na san samarinsa, ba su fita ba sanda. Na kuma san da ƙyar uban yaron ya yarda aka sa ɗan nasa lakwal, wato makarantar boko. Ko tsawa aka daka masa, zai kama hannun ɗansa ya yi arewa, karatu ya ƙare. Cire takardar kuwa ba shi da amfani, an riga an gani, kuma yara za su faɗi mai ita. Ga shi yayan nan shi ya rene ni, geron gonar nan na ci na girma.

Washegari ina idar da sallar asuba na ari jakin maƙwabcina, na nufi rijiyar da Buzayen suke shayarwa, in gaya wa uban yaron kada ya zo.