Hannun Inna a Maƙogwarona

Jiya jikata ta dafa wuyana tana wasa, sai Inna ta faɗo mani a rai. Kurma ce, haka ma Baba. In na dawo daga makarantar allo a Goronyo, takan ɗora tafinta mai warin albasa a maƙogwarona in yi karatu, ta ji motsin muryata.

Ranar saukata ta miƙo hannu a gaban jama'a, na ture don kunya. Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, mi kaka yi? Kunnenta fa ke nan ka ture." Ta mai da hannun cikin zane, ba ta sake miƙowa ba har ta rasu.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya jiyar da ita a can abin da na hana ta a nan, ni kuma Ya yafe mani.