Yaya Tanko da Ya Ƙi Mutuwa a Talabijin

Duk wanda ya san yayana Tanko a nan Illo ya san shi da takalmi a hammata. Ba a ƙafa ba, a hammata! Ya tashi zuwa kasuwar Lolo cikin rana tsaka, ƙasa na ƙuna, ƙaya na suka, shi kuwa ya rungume takalminsa kamar jariri. Sai ya hango rumfunan kasuwa zai kakkaɓe ƙafa ya saka. In na ce, "Haba Yaya, mi ar ranar takalmin?" sai ya ce, "Kulu, ƙafa in ta tsage ita ka ɗinke kanta. Takalmi kuwa sai baduku."

Barkwanci ne sana'arsa. Tsayawa yake tsakiyar kasuwa, ba kalangu ba ɗan amshi, sai bakinsa. Ya kwaikwayi ma'aikacin iyakar Dahomey yana neman takarda wurin jaki, ya juya ya zama jakin yana ba da amsa da Dendanci. Na ga ranar da mai manja ta yi dariya har ta zauna cikin ƙwaryarta.

A shekarar da aka samu mulkin kai masu majigi suka iso Lolo da motarsu. Jagoransu, wani Malam Isa mai tabarau, ya tsaya kallon Yaya har hularsa ta faɗi. Nan take ya ce shi yake so a fim ɗin da za su yi kan ciwon agana. Yaya zai fito a wawan da ya guje wa masu lambar rigakafi, cutar ta kama shi, ya mutu.

A bakin kogi aka ɗauka, muna tsaye muna kallo. An ajiye masa tuwon shinkafa da miyar kifi. Abin da aka ce ya yi bai da wuya: ya kai loma ɗaya, ya hango masu lamba, ya yar da akushi ya ruga. To, ya kai loma, sai ya ruga hagu maimakon dama. Aka sake zubo tuwo. Ya kai loma, sai atishawa. Aka sake. A karo na biyar Malam Isa ya cire tabarau ya ce, "Malam Tanko, wai me ke damunka ne?"

Yaya ya lashe yatsa ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban taɓa ganin agana da ta kai kifin ga haɗari ba. Bari in gama da shi tukuna."

Bayan wata shida aka kawo fim ɗin Illo. Aka kafa farin ƙyalle a filin kasuwa bayan magariba, gari duka ya fito. Yaya ya ɗauko Inna, mahaifiyarmu, ya shimfiɗa mata tabarma a gaba, ya zauna kusa da ita yana ta hura hanci. Inna ta yi dariya sosai wurin tuwo. Amma da aka nuno shi kwance, jiki duk ƙuraje, aka ja masa zane har ka, sai ta ɗora hannu a kai ta fasa kuka.

Yaya ya taɓa ta ya ce, "Inna, ga ni nan fa."

Ta buge hannunsa ta ce, "Kai, yi mini shiru, ɗana na mutuwa!"

Filin ya kece da dariya. Ni ma na yi. Amma da na dubi Yaya, shi bai yi ba. Da muka koma gida Inna ta ƙi sakin rigarsa, tana ta shafa masa fuska tana neman ƙurajen. A gabana ya durƙusa ya ce mata, "Na yi maki alkawari, muddin kina da rai ba ni ƙara mutuwa."

Da aka buɗe gidan talabijin a Kaduna, Malam Isa ya aiko aka tafi da shi. Ya yi suna ƙwarai, har fatake kan dawo su ce sun ga Tankonmu cikin akwati. Lokacin kuwa abin da ka yi gaban kyamara shi mutane ke gani nan take, babu gyara. Ranan aka ba shi wasan attajirin da ya mutu magada suna rabon gado. Ya ce bai yi. Aka lallashe shi, aka ce kwanciya ce kawai. Ya kwanta, aka rufe shi. Magada sun fara kuka ke nan sai gawa ta yaye zane, ta zauna, ta dubi kyamara ta ce, "Jama'a, in akwai mai tahiya Illo, shi gaya ma Inna lahiyata lau."

Shugaban wurin ya yi ta faɗa: "Akwai talabijin ne a Illo?" Yaya ya ce, "Babu, amma akwai 'yan gulma, sun fi shi sauri." A bakin aikinsa ke nan. Ya dawo ya kama noman shinkafa da kasuwarsa ta Lolo, bai taɓa cewa ya yi nadama ba. Ya ce dama akwatin nan ya ishe shi, ka yi ta zuba bai ko murmusawa.

Sai bayan rasuwar Inna shi ma Allah ya karɓi abinsa. Ranar sadakar ukunsa wata tsohuwa ta zo daga Geza, ba wanda ya san ta. Ta ce shekarar da jirgi ya kife da mijinta, kwana huɗu ba ta sa komai a baki ba. Yaya yana wucewa ya ji labari, ya zauna a ƙofar gida yana rigima da akuyarta kan wa ya fi wani gemu, har ta ji dariya ta kuɓuce mata, ta karɓi kunu. Sati guda yana zuwa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko ni.

Allah, ga bawanka Tanko nan ya zo. Ya sauƙaƙa wa bayinka baƙin ciki iyakar iyawarsa, Ka sauƙaƙa masa kwanciya. Ka yafe masa abin da baki ya yi wa yawa, Ka haɗa shi da Inna inda ba a kuka. Amin.